Gidan abinci mafi kyau: wa ke yanke hukunci tsakanin Bazaga da Badagishiri?

Kusan kowane ƙarshen shekara sai an ga irin wannan kanu yana yawo a wayoyi: gidajen abinci goma da suka fi kowane a Yamai, ko a Kano, ko a Abijan. A ƙasan kanun akwai hoton faranti mai ƙyalli, da taurari huɗu ko biyar, da ɗan bayani mai daɗin ji. Matasan da ke buɗe restora a garuruwan jaha sun fara lura da abin, har wasu na roƙon wanda ya ci abinci ya saka musu tauraro a waya kafin ya tashi. Ba laifi ba ne, kowa da hanyar tallarsa. Amma kafin mu ɗauki wannan mudu mu auna tukwanenmu da shi, ya kamata mu san inda aka ƙera shi, da abin da yake iya gani, da abin da ya fi ƙarfin idonsa. A yankin da ya tashi daga Bazaga, ya bi ta Konni da Tsarnawa ya kai Malbaza da Galmi, ya kuma haura arewa zuwa Illela da Badagishiri, mafi yawan abincin da ake saya ana ci ba shi da allon suna, ba shi da ƙofa, wani ma ko rumfa ba shi da ita.

Masu taya ne suka fara

Tushen al'adar a Faransa yake, kuma masu sayar da tayar mota ne suka kafa ta. A 1900 wasu ƴan'uwa biyu, André da Édouard Michelin, masu masana'antar taya a garin Clermont-Ferrand, suka buga wani ɗan littafi ja suna raba wa direbobi kyauta. A ciki akwai inda za a sami mai, da makaniki, da wurin kwana. Daga baya aka ƙara gidajen abinci. Lissafinsu a fili yake: in mutum ya yawaita tafiya taya ta cinye, in ta cinye ya dawo ya sayi wata. A 1926 suka fara saka tauraro ga gidan abincin da ya yi fice, a 1931 aka kai matakin taurari uku. Ma'anar taurarin ma ta direba ce. Ɗaya na nufin abinci mai kyau in ka biyo ta nan, biyu na nufin ya isa ka ratse hanya dominsa, uku kuwa ya isa ka ɗauki tafiya takanas ta Kano. Masu binciken ma'aikatan kamfanin ne, ba su bayyana kansu, suna biyan kuɗin abin da suka ci kamar kowa, kuma sukan koma wuri fiye da sau ɗaya kafin a yanke.

A 2002 wata mujallar Ingila mai suna Restaurant ta fito da wani salon, jerin gidajen abinci 50 na duniya. A nan ƙuri'a ake kaɗawa, kuma masu ƙuri'ar a yau sun haura mutum dubu: masu dafa abinci, ƴan jarida, da masu kuɗin yawon ci. Raunin wannan tsari ba ɓoyayye ba ne. Mutum ba ya zaɓen inda bai ci ba, kuma ba ya cin abinci inda jirgi bai kai shi ba.

Salo na uku shi ne wanda ya iso wayoyinmu, inda kowa alƙali ne, a TripAdvisor ko a taswirar Google. Wani ɗan jaridar Ingila, Oobah Butler, ya gwada ƙarfinsa a 2017. Ya yi wa rumfar bayan gidansa da ke Landan rajista a matsayin gidan abinci, ya sa mata suna The Shed at Dulwich, ya haɗa hotunan abincin ƙarya da kumfar aski da makamantanta, ya sa abokai suka yi ta zuba yabo. A watan Nuwamba na shekarar rumfar ta zama ta ɗaya cikin gidajen abinci kusan 18,000 na birnin, alhali ba a taɓa dafa wa baƙo ko ƙwai ɗaya a cikinta ba. Wanda ya san wannan labari, in ya ga wani wuri a Konni da taurari biyar daga mutum uku, zai fara tambayar ko ukun ba ƙannen mai wurin ba ne.

Kada a ɗauka abin wasa ne a can. A watan Fabrairun 2003 wani fitaccen mai dafa abinci a Faransa, Bernard Loiseau, ya kashe kansa, jim kaɗan bayan littafin Gault et Millau ya rage masa maki daga 19 zuwa 17 bisa 20, ana kuma raɗe-raɗin zai rasa tauraronsa na uku. Bashi da ciwon damuwa na cikin lamarin, amma tun daga lokacin Faransawa da kansu ke muhawara kan nauyin da jerin nan ke ɗora wa mutane.

Babu wata ƙasa a Afirka ta Yamma da littafin Michelin ke aika masu bincikensa. Abincin yankin kan sami tauraro ne in ya yi ƙaura. Mory Sacko, wanda iyayensa ƴan Afirka ta Yamma ne, ya samu a Paris a 2021. Georgiana Viou ƴar Benin ta samu a Nîmes a 2023. Adejoké Bakare, wadda ta girma a Kaduna, ta samu a Landan a 2024, kuma sunan gidan abincinta, Chishuru, daga Hausa aka ce ya fito: ci shiru, wato shirun da ke sauka a kan akushi in miya ta yi daɗi. Wannan ma'auni dai mun riga su saninsa.

Kowace tukunya da agogonta

Abin da ya haɗa littafin masu taya da yankinmu shi ne hanya. Konni na kan babbar hanya mai lamba 1, kimanin kilomita 420 gabas da Yamai. A Tsarnawa hanyar Tawa da Agadas ke rabuwa da ta Maraɗi da Damagaram, a kudu kuma hanyar Sakkwato ke shigowa. Motocin kar irin su Rimbo da STM da Sonef da suka baro Yamai da asuba sukan iso tsakanin hantsi da azahar, su tsaya ɗan lokaci a yi salla a ci abinci. Wannan ɗan lokacin shi ya tsara abin da ake sayarwa a bakin tasha: abin da za a naɗe a takarda a ci da hannu cikin mota, tsire, balangu, gasasshen zabo, dafaffen ƙwai, kilishi, burodi. Fasinja ba shi da lokacin jiran a tuƙa masa tuwo, mai sayarwa kuma ya san da wuya ya sake ganin fuskarsa. Shi ya sa abincin tasha ya fi kowane tsada, kuma shi ne ya fi buƙatar ido.

Cikin gari labarin daban ne. Da sassafe masu ƙosai da waina da fanke ne, da koko da kunu. Mai shayi ya kafa teburinsa da burodi da soyayyen ƙwai, ya tashi da hantsi, ya dawo da magariba. Da rana masu tuwo-tuwo ne, da shinkafa da wake, da dambu, da taliya, da kwaɗon zogale. Akwai rumfunan matan Togo da Benin, akwai na Yarabawa da Ibo masu teba da sakwara da miyar agushi, domin Konni gari ne na iyaka, kowace ƙabila ta zo da tukunyarta. Ranar Laraba, ranar kasuwa, duk wannan sai ya ninka. Restora mai kujeru da fanka da takardar jerin abinci akwai, amma ƴan kaɗan ne, kuma abokan cinikinsu sanannu ne: ma'aikatan duwan da na banki, da ƴan ƙungiyoyin agaji, da taron bita da aka yi wa odar faranti hamsin.

Malbaza kuwa siminti ne ke kunna mata wuta. Masana'antar na nan tun shekarun 1960, kuma direban kamiyon da ke jiran lodi yini biyu dole ya ci sau shida. A Galmi agogo biyu ne. Ɗaya na albasa ne: lokacin girbi, cikin bazara, in manyan motocin Gana da Kodebuwa suka jeru, ƴan dako da dillalai da masu ɗinkin buhu duk a waje suke ci. Ɗaya kuma na asibitin mishan ne da aka buɗe a 1950, inda masu jinya daga nesa, har daga Najeriya, ke kwana da kwanaki suna sayen abinci a bakin ƙofa. A Badagishiri kasuwar dabbobi ce ke tara mahauta da masu hura da nono. A Bazaga, ƙaramar hukumar karkara da ke yamma da Konni, abincin sayarwa na ranar kasuwa ne da bakin kwalta, sauran kuwa a kan ƴan mata masu talla yake yawo gida-gida, a tire ko a roba, daga hannun uwar da ba ta fita.

Wannan kashi na ƙarshe shi ne mafi girma a duk yankin, kuma babu taswirar da za ta nuna shi, domin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Akwai kuma farashin da ba a rubuta a jikin tiren: yarinyar da ke ɗauke da shi da ƙarfe tara na safe ba ta cikin aji.

Alƙalan da ba su rubutu

To ashe babu jeri a nan? Akwai, kuma ya fi na waya tsanani. Tambayi direban da ya shekara goma yana bin hanyar Yamai zuwa Damagaram inda ake cin tuwo a Konni, ba zai yi jinkiri ba. Zai ba ka sunan mace ɗaya da kwatancen bishiyar da take zama, ya kuma gaya maka ka isa kafin ƙarfe biyu. Ƴan kabu-kabu, ƴan canji, ƴan kamasho, malaman lakwal da aka turo daga wata jaha ba su zo da iyali ba, su ne masu binciken da ba a biya. Kamar na Michelin suke: da kuɗinsu suke ci, kuma suna dawowa. Bambancin shi ne su kullum suke dawowa, kuma in miya ta canza sukan gane a lomar farko.

Abin da suke aunawa ma ya bambanta. Na farko shi ne auki: tuwon dala arba'in ya kai mutum la'asar ko bai kai ba. Na biyu, miyar ta yau ce ko ta jiya ce aka ɗumama aka ƙara mata ruwa. Na uku, gyara. Wanda ya ce «Inna, a sa mini na ɗari, a yi gyara», ta kuma ɗora masa ɗan ƙashi tana cewa «ci, ɗana, hanya da nisa», ya riga ya ba ta tauraro a zuciyarsa. Na huɗu kuwa, wanda babu littafin Turai da ya san da shi, shi ne bashi. Mace mai tuwo da ke da ɗan littafin da take rubuta sunan ma'aikaci har ƙarshen wata, ko ta yi haƙuri da ɗan dako ranar da babu lodi, ita ce ta ɗaya a jerin unguwa ko da wata ta fi ta iya miya. Tana yin aikin banki ne da ludayi a hannu, kuma in albashi ya yi jinkiri ita ce ta farko da ke jin jiki.

Akwai wurin da ma'aunin biyu ke cin karo kai tsaye. Jerin waya na son gidan da ke da abinci iri ashirin a takarda, buɗe daga safe har tsakar dare. Mutumin Konni kuwa ya san wutar lantarki na zuwa tana tafiya, ya san zafin watan Afrilu, don haka in ya ga doguwar takarda sai ya tambayi kansa kwana nawa kifin nan ya yi a firji, kuma sau nawa ya narke ya sake daskarewa. A wajensa alamar kirki ita ce tukunyar da ta ƙare da wuri. Mai abinci iri biyu da ke kife tukunya da azahar ta fi mai iri ashirin aminci, amma a waya ita ce za a rubuta wa «na je na tarar babu komai».

Sannan wa ke rubutun ma? Baƙin da suka saba cika irin waɗannan shafuka sun daɗe da ɗauke ƙafa. Ma'aikatan sa kai na Amurka, Peace Corps, sun bar Nijar a watan Janairun 2011 saboda matsalar tsaro, masu yawon buɗe ido da ke bi ta Konni zuwa Agadas su ma suka ragu ƙwarai. 

Iyaka ce mai raba taurari

In ana neman wanda ya fi kowa ikon ɗaga gidan abinci ko kayar da shi a Konni, to iyaka ce. Illela biyu gare mu, kuma baƙo kan ruɗe: akwai ta Adar, hedikwatar gunduma a jahar Tawa, akwai kuma ta jahar Sakkwato, ƴan kilomitoci kudu da Konni, mai babbar kasuwar Lahadi. Birnin Sakkwato bai kai kilomita 100 ba. Mai tuwo a Konni na karɓar sefa tana karɓar naira, kuma kafin ta ɗora tukunya ta san yadda canji ya kwana.

A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na Najeriya, ba a buɗe ta Illela ba sai Disambar 2020. Ranar 29 ga Mayun 2023 Bola Tinubu ya cire tallafin man fetur, abin da ya taɓa cinikin man da dubban matasan kan iyaka ke ci da shi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka sake rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, kuma hanyar ba ta buɗe a hukumance ba sai watan Maris na 2024. A tsakanin nan naira ta faɗi, har yawan nairar da ake buƙata a sayi jika ɗaya ta sefa ya ninka. Ma'anar wannan a gindin murhu ita ce: Basakkwacen da a da yake cin nama a Konni ba tare da ya duba aljihu ba, yanzu faranti ɗaya na tsaya masa kuɗin biyu, sai ya ci a Illela kafin ya ƙetaro. Kamiyon da bai zo ba, direbansa da yaran mota da ƴan dakon da za su sauke shi duk ba su ci ba.

Shi ya sa jerin da aka rubuta bara kan zama tarihi bana. Wuri ya rufe alhali hannun mai dahuwa na nan yadda yake, hanya ce ta mutu. Wanda ke da gona a fadamar noman rani ta Konni, mai faɗin hekta fiye da 2,400 da madatsun Mozage da Zango ke shayarwa, ya fi jure irin wannan girgiza, domin tumatir da kabeji da albasa daga gida suke. Wadda komai nata sai ta saya, daga shinkafa har itace da ruwan ƴan garuwa, ita ce ke fara rage girman malmala.

Mashaya ba ta son talla

A biranen Turai jerin gidajen abinci tare yake tafiya da na mashaya. A nan maganar sai da lura. Yankin na Musulmi ne, giya haramun ce a addini kuma abin kunya ce a al'ada, amma dokar Nijar ba ta hana sayar da ita ga wanda ke da lasisi ba. A ɗaya gefen iyaka kuwa, tun da Zamfara ta buɗe ƙofar shari'ar Musulunci, Sakkwato ta bi sahu a shekarar 2000. Ba sirri ba ne cewa tun daga lokacin wani ɓangare na cinikin giya ya ƙetaro zuwa garuruwan iyaka na Nijar, har da Konni. Galibin wuraren na bayan katanga ne, babu allo, ko kuma a cikin otal.

Mai irin wannan wuri ba zai gode wa wanda ya saka shi na ɗaya a jeri ba. Yana tune da watan Nuwamban 2000, lokacin da zanga-zangar adawa da bikin nuna tufafi na FIMA ta rikiɗe aka far wa mashaya a Maraɗi, da kuma Janairun 2015, lokacin da aka ƙona mashaya da majami'u a Damagaram da Yamai. Abokin cinikinsa ma duhu ya zo nema. Don haka rabin jerin Turai ba shi da wurin sauka a nan, kuma ba na jin an yi wata asara.

Abin da ya fi cancantar a sa masa ido ba ya cikin mashaya ma. Giyar leda ce mai ƙarfi da arha, wadda ake ɓoyewa a aljihu, wadda yaro ɗan shekara goma sha biyar zai iya saya da kuɗin karin kumallo, ga kuma tramol a gefe. Hukumar NAFDAC ta Najeriya ta sanar da hana sarrafa giyar leda a farkon 2024, aka yi ta ja-in-ja da masu masana'antu. Duk abin da aka yanke a can, a kasuwannin iyaka ake ganin sakamakonsa.

Wurin taron dare na ainihi a garuruwanmu kuwa fada ce: tabarma ko benci a ƙofar gida, ƙaramin murhun gawayi, shayi zagaye uku, ana hira har dare ya raba. Sai gidan kallon ƙwallo da mai lemo da mai indomi a bakinsa. Nan matasa ke kashe ƴan kuɗinsu, nan kuma ake yanke hukuncin wane mahauci ne ya iya tsire a garin.

Tambarin da ya fi tauraro

Yankin nan na da irin tasa shaida, kuma ta hukuma ce. Ƙungiyar kare mallakar fasaha ta Afirka, OAPI, mai hedikwata a Yawunde, ta yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajista a matsayin kayan da sunansu ke ɗaure da ƙasarsu, aka miƙa takardun a Yamai a 2023. Wannan tambari ba ya cewa kilishin wane ya fi na wane daɗi. Cewa yake yi ga yadda ake yin abin, ga inda ake yin sa, wanda bai bi ƙa'ida ba kada ya ari sunan. Daɗi na bakin mai ci ne, ana iya gardama a kansa har gobe, ƙa'ida kuwa ana iya zuwa a duba.

Wannan ne ya kawo mu ga jerin da garuruwanmu suka rasa. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓataccen abinci na kwantar da mutum miliyan 600 a duniya kowace shekara, yana kashe 420,000, kuma 137,000 daga cikin mamatan a Afirka suke. Ba sai mun je nesa ba. Annobar kwalara ta 2021 ta kama mutum fiye da 5,000 a Nijar, ta kashe fiye da 150, kuma gundumar Konni na cikin inda ta taɓa. Likitocin asibitin Galmi sun shekara da shekaru suna yi wa yara tiyatar hanjin da zazzaɓin taifot ya huda, cutar da ke bin ruwa da abincin da ƙazanta ta shiga. Ba duka daga abincin sayarwa ba ne, rijiya da randar gida ma na da nasu kason. Amma tukunya ɗaya ta tasha na ciyar da mutum ɗari, kuma kafin ciki ya murɗa sun watsu garuruwa goma.

Harshe ba ya jin wannan. Direban da ya iya gane miyar jiya ba zai iya gane ruwan da aka wanke kwano da shi ba. A nan alƙalan tasha da alƙalan waya duk makafi ne.

Wasu ƙasashe sun raba aikin gida biyu: daɗi a bar wa masu ci, tsabta kuma hukuma ta duba ta liƙa sakamakon inda kowa zai gani. Danmak ta fara liƙa hoton fuska mai murmushi ko mai ɗaure a ƙofar gidajen abinci a 2001. Birnin New York na liƙa harafin A ko B ko C tun 2010. Faransa ta fara bayyana sakamakon bincikenta ga jama'a a 2017. Nijar ba ta rasa doka ba, tana da dokar tsabtar jama'a tun ranar 2 ga Maris 1993, akwai jami'an tsabta, akwai likitocin dabbobi masu buga hatimi a jikin naman da aka yanka a mahauta. Abin da babu shi ne mai saye ya ga sakamakon da idonsa.

Abubuwan dubawa ba su da yawa, kuma ba sai da na'ura ba. Daga ina ruwan ya fito, a rufe yake? Hannu da buta da sabulu ake wankewa, ko kowa na tsoma nasa a kwano ɗaya? Ruwan wanke-wanke sau nawa ake canza shi? Abinci a rufe yake, da zafinsa ake zubawa? Naman na da hatimi? Man suya ya yi baƙi? Waken da aka dafa, an tabbata ba wanda aka adana da piya-piya ba ne? Ganye mai launi uku da marar karatu zai gane ya isa, a rataye shi a jikin rumfa ko a gindin bishiyar.

Haɗarin kuwa sananne ne ga duk wanda ya taɓa zama kasuwa. Takardar da jami'i ke da ikon bayarwa ko hanawa na iya zama wata sabuwar hanyar karɓar na goro, a kan matan da tuni suke biyan tikitin kasuwa kullum. In za a yi, sai ya zama kyauta, a fara da koyarwa kafin tara, a kuma sa wakilan masu abincin da na direbobi cikin masu zagayen. Kuma babu amfanin ce wa mace ta canza ruwan wanke-wanke sau huɗu in kowace jarka saye take yi. Tun watan Afrilun 2024 da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, kantomomi ne ke riƙe da Konni da Bazaga da Malbaza da Illela, kuma kuɗin tikitin kasuwa hannunsu yake shiga. Famfo ɗaya a tsakiyar layin masu abinci, a tashar Konni ko a kasuwar Bazaga, bai fi ƙarfin wannan asusu ba, kuma an fi buƙatarsa kafin ruwan farko na damina ya wanko ƙazantar gari ya zuba cikin rijiyoyi.